Sunan Wa Ke Kan Takarda? Lafiyar Iyalan Soja da 'Yan Mazan Jiya a Damagaram

Watan Agusta ne ke tona asirin gidan da bai shirya ba a Zinder. Ruwa ya kwanta a lungunan Birni da Zango da Garin Malam, sauro ya samu wurin zama, layin masu zazzaɓi ya miƙe a ƙofar kowace likita tun kafin hantsi. A cikin layin akwai macen da duk ɗan garin nan ya san irinta: matar soja, goye da ƙarami, riƙe da hannun ɗan shekara shida da ya kwana jikinsa kamar garwashi. Maigidan yana can gabas, wajen Diffa ko bakin Komadugu, inda waya ke shiga yau ta ƙi gobe. Da yaron bai cika shekara biyar ba, da doka ta ce a duba shi kyauta. To ya haura, don haka kafin majo ya rubuta masa magani sai an san wanda zai biya.

Ƙofofi uku ne a gabanta. Akwai ɗakin shan magani na bariki, akwai likitar unguwa, akwai Babban Asibitin Ƙasa na Zinder idan jikin ya tsananta. Kowace ta nufa, tambayar farko ɗaya ce: ina takardarki, kuma sunan yaron nan yana ciki? A kan amsar wannan tambaya ne lafiyar iyalin soja ta rataya a Damagaram, fiye da yadda ta rataya a kan girman albashi ko yawan igiyar da ke kafaɗar maigida.

A Amurka, idan ana maganar zaɓen inshorar lafiya ga iyalin soja, ana nufin mutum ya zauna ya gwada tsare-tsaren shirin TRICARE da juna, tsohon soja kuma ya duba abin da ma'aikatar 'yan mazan jiya ta tanadar masa. A nan ba haka zaɓin yake ba. Iyalin soja a Nijar suna rayuwa ne ƙarƙashin rumfuna da dama, kowace da iyakar inuwarta, kuma tsakanin wannan da waccan akwai rana. Gwanintar ita ce sanin inda kowace inuwa ta ƙare tun kafin ciwo ya zo.

Damagaram ta san mayaƙi tun kafin ta san bariki

Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara rundunar 'yan bindiga, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin gari. Da yawan mayaƙansa bayin sarki ne, kuma ba zan yi wa wancan tsari ado ba. Amma akwai abu guda da mayaƙin wancan zamani ya sani sarai: ƙofar da zai buga. Yana da ubangida. Wanda ya ba shi doki ko bindiga shi ake sa ran zai dubi gidansa, idan kuma ya dawo da karaya ko harbin kibiya, maɗori da wanzami suna nan a unguwa.

Wannan igiya ta tsinke cikin shekara biyu. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A ƙarshen Yulin 1899 sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga gari, suka kafa sansani a kan dutse suka sa masa sunan kyaftin ɗin nasu. Zinder ta zama mazaunin mulkin ƙasar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Daga nan ubangidan soja ya zama ofishi, alƙawari ya zama takarda mai hatimi. 'Ya'yan ƙasar nan sun sa kakin Faransa, an kai su yaƙe-yaƙen da ba nasu ba, waɗanda suka dawo suka zama 'yan mazan jiyan da yara ke gani da lambobin girma a ƙirji ranar biki.

Abin da ya same su darasi ne da har yau yake da amfani. A Disamban 1959, dab da samun 'yancin ƙasashen Afirka, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojinta 'yan mulkin mallaka a kan adadin da yake a lokacin. Farashin gero da na magani suka ci gaba da hawa, fansho yana tsaye wuri ɗaya, alhali na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana ƙaruwa. Sai a Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci, a ƙarar wani tsohon saje ɗan Senegal mai suna Amadou Diop, cewa wannan wariya ce. Cikakken daidaito bai zo ba sai 2011, kuma ko a lokacin sai wanda ya rubuta ya nema. Shekara hamsin da ɗoriya. Yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya, matan da suka bari kuwa da dama ba su da takardar auren da ofishi zai karɓa. Haƙƙin yana nan a doka, amma hannun da zai karɓe shi babu shaidar da zai nuna.

Rumfunan da ke akwai yau

Rundunar sojojin Nijar, wadda ke bikin kafuwarta ranar 1 ga Agusta tun 1961, tana da sashen lafiyarta, da likitoci da ma'aikatan jinya masu kaki. Zinder ce hedikwatar yankin tsaro na 3, don haka iyalin da ke cikin gari ba su rasa inda za su fara zuwa. Wannan ita ce rumfa ta farko, kuma ita ta fi kusa: zazzaɓi, gudawa, awon ciki, ɗinkin rauni. Amma babban asibitin sojoji yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 a kan hanyar ƙasa ta ɗaya. Gashin ciwon daji ma, wanda aka fara yi a ƙasar a 2021, a Yamai yake. Ga iyalin da ke Gure ko Tanut ko Magarya, kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya kan zarce kuɗin maganin kansa, kuma wannan shi ne ɓangaren da ba kasafai wata takarda ke ɗauka ba.

Rumfa ta biyu ita ce asusun taimakon juna, abin da kowa ke kira mutuwel. Sojoji da jandarmomi da sauran masu kaki suna da irin nasu, ana cire wani abu daga albashi kowane wata, idan ciwo ya zo asusun ya ɗauki kaso, mai gida ya cika saura. Ba haka kawai ake tafiyar da su ba: tun Yunin 2009 ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa ta UEMOA ta kafa ƙa'idar bai ɗaya a kan irin waɗannan asusai, Nijar kuma tana da hukumar da ke sa musu ido. A ganina nan ne soja ya fi buƙatar ya buɗe baki ya yi tambaya, kuma nan ne ya fi yin shiru, domin tarbiyyar bariki ba ta koyar da yi wa na gaba tambaya. Ana cire masa kuɗi shekara da shekaru bai taɓa karanta dokar asusun ba.

Abubuwan tambayar kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Asusun yana biyan asibiti kai tsaye, ko kuwa sai ka biya daga aljihunka ka kai rasit ka jira? Wannan bambanci shi ne tsakanin jinya da rashinta ga matar da ke da jika biyar a ɗaurin zane ranar ashirin ga wata. Waɗanne farmasi ne a cikin Zinder suka yi yarjejeniya da shi, kuma akwai mai buɗewa da dare? Akwai iyakar abin da yake biya a shekara? Maganin hawan jini da na suga, waɗanda ake sha har ƙarshen rai, suna ciki? Idan maigida yana bakin daga, sa hannun wa ake karɓa? Na ƙarshen nan shi ya fi damuna, domin tsarin da ke buƙatar soja ya zo da kansa bai yi la'akari da cewa aikin soja shi ne rashin zama gida ba.

Rumfa ta uku ta kowa da kowa ce. Zamanin Shugaba Tandja Mamadou, a 2005 da 2006, gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa da awon ciki da tsarin iyali da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mataki ne da ya ceci rayuka masu yawa a jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a, mutum sama da miliyan uku da rabi. Sai dai baitulmali ya shafe shekaru yana jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru, kantocin magani suka riƙa yin fayau. Shi ya sa uwa kan ji an ce dubawa kyauta ce, sannan a miƙa mata takardar magani a ce ta je waje ta saya. A Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta zaftare rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumba, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke sefa 150,000 da mai ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a fara masa wanki. Sauƙi ne na gaske, kuma tsoffin sojoji na cikin waɗanda suka fi jin sa. Amma ragin ya shafi kuɗin aikin asibiti ne, bai shafi farashin kwalbar da ke kan kantar farmasin ɗan kasuwa ba. A ƙasar da sama da kashi 40 cikin 100 na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun magidanta, magani shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa.

Iyalin tukunya da iyalin takarda

Ga inda gizo ke saƙar. Je ka gidan kofur ɗaya a Zinder ka ƙirga bakunan da ke ci daga albashinsa: mata ɗaya ko biyu, 'ya'yansa, tsohuwarsa da ta taso daga ƙauyen Mirya saboda ciwon ƙafa, ƙanen da ke makaranta, ɗiyar wansa marigayi da yake riƙo. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar kan haifi 'ya'ya sama da bakwai, na 2021 ya nuna sama da shida. Wannan shi ne iyalin tukunya. Iyalin takarda kuwa su ne waɗanda aka rubuta a fayil ɗin sojan, kuma kusan kullum sun fi kaɗan.

Dalilin tazarar sananne ne. An ɗaura aure a ƙofar gida, liman ya yi fatiha, an raba goro, shaidu sun cika, a wajen Allah da jama'a aure ya tabbata. Amma ba a je ofishin magajin gari an yi rajista ba, don haka a idon asusun wannan baiwar Allah ba matarsa ba ce. An haifi yaro a gida, an yi suna, an yanka rago, lokacin bayyana haihuwa ya wuce ba a karɓi takarda ba. Gyaran yana yiwuwa, ana zuwa kotu da shaidu a samu hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa ko ta aure, amma aiki ne na kwanaki da zirga-zirga, ba na daren da yaro ke suma ba. Sojan da ya ƙara aure, ko aka yi masa haihuwa yana Bilma ko Ngigmi, ya ce idan ya dawo hutu zai shigar da sunan, ya bar ƙofa a buɗe ne.

Maƙwabtanmu ma suna da irin wannan ciwon kai. A Najeriya sojoji suna da kamfanin kula da inshorarsu, DHML, kuma tsarin inshorar ma'aikata na ƙasar ya ginu ne a kan ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ƙari a kan haka sai da ƙarin biya. Bahaushen Daura ko Kazaure mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya zauna ya zaɓi waɗanda zai rubuta. Awon da aka yi wa ƙaramin iyalin Turai ne aka ɗinka wa gidan Hausa riga da shi. Duk sojan Damagaram da zai shiga wani asusu ko ya sayi inshorar kamfani, wannan ya kamata ya fara tambaya kafin farashi: mata nawa, 'ya'ya nawa, har zuwa wace shekara, kuma uwa da ɗan riƙo suna shiga ko ba sa shiga.

Ga waɗanda takarda ba ta ɗauka ba, abin da ke riƙe da su shi ne abin da ya saba riƙe talaka: adashen matan bariki, gudummawar abokan aiki da suka shiga soja shekara ɗaya, tunkiyar da aka ɗaure a bayan ɗaki don ranar tsiya. Ba na raina su. Adashe ya fi kowane ofishi saurin buɗe baki da ƙarfe biyun dare. Amma yana iya ɗaukar zazzaɓi da haihuwa ne, ba ya iya ɗaukar wankin ƙoda. Wasu kuma idan abu ya gagara sai su nufi Kano ta Matamai ko Magarya, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, wato kusa ƙwarai idan aka gwada da Yamai. Can kuwa babu takardar Nijar da ke aiki, komai da kuɗi hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sa aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, magunguna suka yi wuya a ƙasar, masu dogaro da likitocin Kano suka ga yadda hanyar ke iya toshewa dare ɗaya.

Ranar da aka tuɓe kaki

Ƙaramin soja kan bar aiki da sauran ƙarfinsa, sau da yawa da 'ya'ya a firamare. Fanshonsa yana fitowa ta asusun ritaya na ƙasa, CARENI, kuma bai kai albashi ba, alawus ɗin fagen daga ya tsaya, gidan bariki an karɓe. A daidai wannan gaɓa ce jiki ke fara kawo lissafin shekarun da aka yi ana kwana kan rairayi da ɗaukar kaya: gwiwa, baya, ido, kunnen da ƙarar bindiga ta kashe, hawan jini, suga. Kuɗin shiga ya ragu, buƙatar magani ta ƙaru. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai shekara biyu ko uku kafin ritaya ita ce ko asusunsa zai ci gaba da riƙe shi bayan ya sauka, da nawa, kuma ta wace hanya zai riƙa biya tunda babu sauran albashin da za a cira. Wanda ya bari sai bayan ya sauka ya je tambaya, yakan tarar da fayil ɗinsa yana Yamai shi kuma yana Zinder.

Akwai kuma raunin yaƙin nan da muke ciki. Tun 6 ga Fabrairun 2015 da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa, Zinder ta zama mashigar gabas: ta nan ayarin motoci ke wucewa, ta nan masu rauni da yawa ke dawowa. Nakiyar da aka binne a hanya ba ta cika kashewa kaɗai ba, tana barin mutum da dungu. Sashen ƙera ƙafar roba na Babban Asibitin Zinder ya daɗe yana samun tallafin ƙungiyar Red Cross ta duniya, wadda hukumomi suka rufe ofisoshinta a ƙasar a 2025. Ƙafar roba kuwa ba a yin ta sau ɗaya a gama, tana lalacewa, dungu yana canja siffa, sai an sake ta bayan 'yan shekaru har iyakar rayuwa. Wanda zai ɗauki wannan nauyi na shekara talatin ya kamata a san shi da suna a rubuce.

Sai ciwon da ba ya jini. Mutum ya dawo da gaɓoɓinsa cikakku amma ba ya barci, ƙarar salansar babur na sa shi neman mafaka, ya zama mai saurin hannu ga matar da bai taɓa ɗaga wa murya ba. A gida akan ce iska ce ko sammu, a kai shi wajen malam, a yi rubutu da hayaƙi. Addu'a tana da wurinta, ni ma ina yin ta. Amma wannan ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, yana da magani, kuma masu aikin ƙalilan ne a ƙasar. Matar gidan ce ke fara gane shi, ita ce kuma ba ta da inda za ta kai ƙara ba tare da an ce ta tona asirin mijinta ba.

Wata huɗu da kwana goma

Ranar 25 ga Afrilun 2015 sojoji 46 suka kwanta dama a tsibirin Karamga na tafkin Chadi. Ranar 10 ga Disamban 2019 aka rasa 71 a Inates, bayan wata guda, ranar 9 ga Janairun 2020, aka rasa 89 a Chinagodar. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai gidan da aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa dominsa, kuma Damagaram, da yawan 'ya'yanta a cikin kaki, ta sha karɓar irin wannan saƙo. Bayan waɗannan hare-hare ne gwamnati ta kafa wakafi na musamman don magadan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki, a Oktoban 2023 kuma aka buɗe asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wanda 'yan ƙasa ke zuba wa kuɗi don tallafa wa masu kaki. Niyya tana nan, kuɗi ma ana tarawa. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin asusun da ɗakin matar mamaci.

Ita tana cikin takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ta fita sai da lalura, kuma a al'adar garin nan ko lalurar ma sai an yi ta kallonta. A cikin waɗannan kwanakin ne ake buƙatar takardar mutuwa, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro, da hukuncin kotu mai nuna magada da wanda zai riƙe marayu. Idan mata biyu ne, ɗaya da rajista ɗaya babu, rigima ta samu ƙofa. Dangin miji na iya karɓe fayil ɗin da sunan taimako, ya zama ita da ke jinyar yaran ba ita ke riƙe da katinsu ba. Albashi ya tsaya, fanshon magada bai fara ba, kuma zazzaɓin Agusta bai san ana makoki ba.

Sashen lafiyar sojoji yana da reshen jin daɗin jama'a a cikin sunansa da aikinsa. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin yankin tsaro na 3 ba: ranar da aka kai wa gida labarin rasuwa, a haɗa da ma'aikaciya mace da za ta shiga har ɗakin mai takaba, ta zauna da ita a kan tabarma, ta ƙirga yaran da idonta, ta karɓi takardun da ke akwai, ta bi sawun waɗanda babu a kotu da ofishin magajin gari, a nan Zinder ba a Yamai ba. Katin jinyar yaran kuma ya ci gaba da aiki a hannun uwarsu tun daga ranar, har fanshon magada ya fara fita.